Shamuwa: tsuntsuwar da ke shelar ƙaratowar damana

A kudancin Nijar, idan bazara ta tsananta a watannin Afirilu da Mayu, manoma kan sa ido a kan manyan itatuwan gari. Ranar da aka ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kuka, an san damana ta kusa.

Shamuwa baƙa ce mai farin ciki da dogayen ƙafafu. Tsawonta ya kai kamar santimita 73, nauyinta kuma ya ɗan wuce kilo 1. Lokacin hayayyafa, fatar fuskarta kan koma shuɗiya, da ɗan ja kusa da ido.

Tafiyarta bin ruwan sama ce. Daga Nuwamba zuwa Maris tana gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ake damana. Idan ruwa ya juyo arewa, sai ta biyo shi zuwa ƙasashen Sahel, daga Senegal har bakin Bahar Maliya. Abincinta fara ce da tsutsa da sauran ƙwari, waɗanda ke yawaita bayan saukar ruwa, shi ya sa take amfanar gonaki.

A garuruwan jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, takan yi sheƙa a tsakiyar mutane, domin al'ada ta hana a taɓa ta. Takan saka ƙwai 2 zuwa 3, ta kwanta a kansu kusan wata guda. Ƴaƴan kan yi kamar wata biyu kafin su tashi.

Akwai wasu alamun da ke rakiyar zuwanta. Iska kan juya ta fara busowa daga kudu maso yamma, gawo ya soma zubar da ganye, bayan ruwan farko kuma kwaɗi su fara kuka.

Sai dai ganin shamuwa ba izinin shibka ba ne, domin takan riga ruwa isowa da makonni. Abin da zuwanta ke nufi shi ne a gama sharar gona, a kai taki, a tanadi irin hatsi. Masana yanayi a Sahel kan ƙirga farkon damana ne daga ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana 3, ba tare da dogon fari ya biyo baya ba. Wanda ya shibka kafin ƙasa ta jiƙu sosai yana iya asarar irinsa.