Kamarar aljihu mai zum: daga ina ta fito, kuma me mai sayen ta gwanjo zai duba

Kwanan baya ɗan ƙanena da ke karatu a Yamai ya turo mini hoton wata ƴar baƙar kamara da ya gani cikin kayan gwanjo. Mai ita ya sa mata jikka goma sha biyar. Ya ce, "Baba, in saya? Yanzu ita matasa ke yayi." Ban ce masa e ko a'a nan take ba, domin amsar tana cikin tarihin kamarar kanta.

A 1888 ne wani Ba'amurke, George Eastman, ya fito da kamarar Kodak, wani ɗan akwati mai ɗauke da fim na hoto 100, a kan dalar Amurka 25. In fim ya ƙare, sai a mai da akwatin kamfani a wanke. A 1934 Kodak ta kawo ɗan gwangwanin fim mai faɗin milimita 35, wanda muka saba kira pelikil. Duk da haka, shekaru da yawa ɗaukar hoto mai kyau aikin gwanaye ne, don sai mutum ya auna haske da nisa da kansa. Shi ya sa a garuruwanmu hoto ya zama sana'a, irin wadda Philippe Koudjina ya yi suna da ita a Yamai, da Malick Sidibé a Bamako.

Kamfanonin Japan ne suka sauke wa mai ɗauka wannan nauyi. A 1977 Konica ta fito da C35 AF, kamarar farko da aka ƙera da yawa mai daidaita nisa da kanta. A 1983 Kodak ta ƙirƙiro alamar DX a jikin gwangwanin fim, wadda ke sanar da kamara irin fim ɗin da aka sa mata. Sai a 1986 Pentax ta fito da Zoom-70, ƴar ƙaramar kamara ta farko mai gilashin da ke tsawo daga milimita 35 zuwa 70, wato tana jawo abin da ke nesa ba tare da mutum ya matsa ba. Daga nan gasa ta ɓarke tsakanin Canon, Nikon, Minolta, Fuji da Olympus, wadda ta fara jerin kamarorinta masu suna mju a 1991. Zum ya yi ta ƙaruwa: 105, 140, har 200.

Wannan gasa tana da nata aibi. Duk tsawon da aka ƙara wa zum a cikin ƙaramin jiki, hasken da ke kaiwa ga fim raguwa yake, sai kamara ta dogara da filashi, ko hoto ya fito da dishi-dishi. Don a sayar da ita da araha kuwa, aka cika cikinta da haƙoran roba, da ƙananan injina, da wata siririyar waya mai kama da zirin takarda wadda ke lanƙwashewa duk lokacin da gilashi ya fito ko ya koma. Kamara ce ta iyali, ta biki da tafiye-tafiye, da za a mora ƴan shekaru a sake wata. Ba don gado aka ƙera ta ba.

Mu ma ta iso mu a wancan zamani, lokacin da wuraren wankin hoto mai launi suka buɗe a manyan garuruwa, masu hoto na yawo suka cika gidajen aure da suna. Amma a Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada, har da fim. Ina tuna kawuna yana tattalin pelikil ɗaya mai hoto 36 tun daga ƙaramar salla har babbar salla. Ba ya danna madanni sai kowa ya gyara tsayuwa.

Abin mamaki, abin da zai kashe fim a cikin gidan Kodak aka haife shi. A 1975 injiniyanta Steven Sasson ya haɗa kamarar farko da ba ta bukatar fim, sai dai kamfanin bai yi hanzarin kai ta kasuwa ba. A 1996 Kodak, Fujifilm, Canon, Nikon da Minolta suka haɗa kai suka fito da wani sabon fim mai suna APS, amma bai yi tsawon rai ba, aka daina yinsa a 2011. Kyocera, mai Contax da Yashica, ta bar ƙera kamara a 2005, Konica Minolta ta bi sahu a 2006, Kodak kuma ta bayyana karayarta a Janairun 2012. Salula ta ƙarasa sauran.

To, me ya maido da yayin? Matasan Turai, Amurka da Asiya da suka tashi da salula sun fara sha'awar launin fim. A 2017 Kendall Jenner, mai tallar kayan ƙawa, ta fito da Contax T2 a wani shirin talabijin na Amurka, kuɗinta ya yi sama, ya jawo na ƙananan kamarori. A 2024 an sake fito da sabuwar kamarar fim, Pentax 17, amma ita ba ta da zum. Ke nan mai son ƴar aljihu mai zum, sai dai ya sayi tsohuwa mai shekara ashirin zuwa sama, wadda aka daina ƙera kayan gyaranta. Tsofaffin kamarori na ƙarfe makaniki na iya kwance su ya gyara. Wannan kuwa, in siririyar wayar nan ta tsinke, galibi ta gama aiki.

Daga nan mai saye zai san abin dubawa. Ya tabbata fim mai milimita 35 take ci, ba APS ba. Ya buɗe gidan pil ya ga ko ya yi tsatsa, ya kuma san irin pil ɗin, don yawancinsu CR123A ko CR2 suke ci, ba irin na rediyo ba. Ya sa pil a gaban mai kaya, ya fitar da zum har ƙarshe ya mai da shi, ya saurara ko yana gurnani, domin ƙurar hunturu ba ta jituwa da haƙoran roba. Ya gwada filashi, ya buɗe murfin baya ya leƙa gilashin a haske ko ya yi hazo. Mai kaya da ya ƙi yarda a gwada, cinikin biri a sama yake so a yi.

Abin da na faɗa wa yaron shi ne: kafin ka taya, nemo inda za ka sami fim da inda za a wanke maka shi, ka ji kuɗinsu. In ka samu, ka biya abin da ba zai ci maka rai ba ko da kamarar ta mutu gobe. In kuma ka wanke hotunan, ka karɓo fim ɗin ka adana shi nesa da zafi da laima. Kamarar kawuna ta daɗe da ɓacewa, amma hotunan sallar nan suna cikin adakar gyatumata har yau. Na salulata ta farko kuwa, ko guda ban da shi.