Ilimin Hatimi da Muhammadu al-Katsinawi

Hatimi, wanda littattafan Larabci ke kira wafaƙi, murabba'i ne mai gida-gida da ake cika shi da lambobi, ta yadda jimillar kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, za ta zo daidai. Ƙaraminsu shi ne musallasi mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Duk inda aka bi, 15 ce. Mutanen Sin sun san shi tun da daɗewa, Ikhwanus Safa na Basra sun kawo shi a ƙarni na 10, sannan littafin Shamsul Ma'arif da ake jingina wa al-Buni ya yaɗa shi har zaurukan malaman ƙasar Hausa, inda ake zana shi a allo ko a naɗe shi cikin laya.

Sunan da ya fi fice a wannan fanni daga yankinmu shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. Ya tafi aikin hajji wajen 1730, kuma a 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai layuka mara, wato 3, 5, 7 da makamantansu. Ya zauna a Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti wanda ya ɗauki wannan ilimi a wurinsa, kuma can ya rasu a 1741. Ɗan maigidan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, ya adana labarinsa.

Mutane da yawa suna kallon aikin a matsayin asiri kawai, alhali akwai lissafi a cikinsa. Hatimi mai layi 5 jimillarsa 65 ce, mai layi 7 kuma 175. Akwai hanyar da ake jera lambobin da tsallen dokin shaɗaranji: gida biyu gaba, ɗaya gefe, in an faɗa waje a shigo ta ɗaya ɓangaren. A nan abin lura shi ne ko 3 tana raba yawan layukan ko ba ta raba shi. Idan layukan 5 ne, ko 7, 11 ko 13, wannan tsalle yana ba da hatimin da hatta karyayyun layukan karkace suke cika jimilla. A 9 da 15 kuwa, da yake 3 tana raba su, tsallen doki kaɗai ba ya wadatarwa, sai an ƙara dabara.

Hassan Gwarzo ya yi nazarin aikin al-Katsinawi a 1967, Claudia Zaslavsky ma ta gabatar da shi ga duniya a littafinta Africa Counts na 1973. Abin takaici, ɗaliban lissafi ƙalilan ne a makarantunmu suke jin sunansa a aji.