Bayan Rugujewar Duniya: Tarihin Wani Reshe na Ƙagaggun Labarai

A wannan maƙala za mu bi diddigin wani reshe na ƙagaggun labarai wanda jigonsa shi ne rayuwa bayan wata babbar masifa ta shafe yawancin bil'adama. Ba tashin alƙiyama ake nufi ba, domin a cikin waɗannan littattafai akwai sauran mutane, kuma tambayar da marubutan ke yi ita ce: me waɗanda suka tsira za su riƙe, me kuma zai salwanta?

Masana kan ɗauko tarihin reshen daga The Last Man na Mary Shelley, wanda ya fito a Ingila a 1826. Ta rubuta shi bayan rasuwar mijinta a 1822 da ta 'ya'yanta uku. Annoba ce ta cinye duniya har ya rage mutum ɗaya, Lionel Verney, wanda ya zauna a Rum yana rubuta tarihin da ba shi da tabbacin wani zai karanta. A 1949 George Stewart na Amurka ya sake ɗaukar jigon annoba a Earth Abides. Tauraron labarin, Ish, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya koya wa yara karatu, amma abin ya faskara. Jikokinsa sun koma farauta da kwari da baka, gudumarsa kuma ta zama abin tsafi.

Bama-baman da aka jefa wa Hiroshima da Nagasaki a 1945 sun sauya alƙiblar marubuta, domin yanzu ɗan'adam ne ke haddasa masifar da hannunsa. A On the Beach na Nevil Shute (1957), mutanen Melbourne ta Ostareliya suna jiran gubar nukiliya ta iso gare su, suna shuka furanni alhali sun san ba za su ga tohonsu ba. A Canticle for Leibowitz na Walter Miller (1959) ya fi shi zurfi. Miller yana cikin sojojin saman da suka ragargaza tsohon gidan ibada na Monte Cassino a Italiya a 1944. A littafinsa, wasu masu ibada sun shafe ƙarnoni suna kwafar takardun da ba su fahimta, har ilimi ya farfaɗo, aka sake ƙera makamin, aka sake yaƙin.

Marubutan baya-bayan nan sun faɗaɗa fagen. Octavia Butler ta dubi fari da rushewar doka a Parable of the Sower (1993). Cormac McCarthy ya bi uba da ɗansa cikin toka da yunwa a The Road (2006). Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta kafa Who Fears Death (2010) a Sudan ta nan gaba, inda rikicin Darfur ya zame mata madubi.

A ganinmu, ɗalibi ya fara da Stewart da Miller, domin su ne suka fi fito da abin da ya shafe mu kai tsaye. Na farko ya nuna cewa ilimi kan mutu cikin zuriya biyu idan ba a miƙa shi ba, na biyu kuma ya nuna cewa adana shi ba tare da tarbiyya ba maimaita ɓarna ne. Al'ummar da gara ke cin tsofaffin rubuce-rubucenta na ajami tana da abin nazari a nan.