U-28: Jirgin Ƙarƙashin Tekun Jamus da Ya Nutsar da Falaba a Hanyar Afirka ta Yamma

U-28 jirgin yaƙi ne mai tafiya a ƙarƙashin teku, mallakin rundunar sojan ruwan Daular Jamus, wanda ya yi aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya daga 1914 zuwa 1917. An ƙera shi a ma'aikatar jiragen ruwa ta gwamnati da ke Danzig, birnin da ake kira Gdansk a ƙasar Poland ta yau. An tura shi ruwa a watan Agustan 1913, aka miƙa shi ga runduna a watan Yunin 1914, saura 'yan makonni yaƙi ya ɓarke. Cikin shekara uku ya nutsar da jiragen ruwa 40. Ɗaya daga cikinsu shi ne ya sa sunansa ya shiga tarihi, wato Falaba, jirgin fasinja da wasiƙu na kamfanin Elder Dempster, wanda ya taso daga Liverpool zai nufo gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 1915.

Sigarsa da makamansa

Tsawon U-28 mita 64.7 ne, nauyinsa kuma tan 675 idan yana saman ruwa. An tsara shi ya ɗauki hafsoshi 4 da ma'aikata 31. A saman ruwa injin dizal ne ke tafiyar da shi, yana gudun kimanin kilomita 31 a awa. Da ya nutse sai a kashe dizal a koma kan batir, gudunsa ya faɗo zuwa kilomita 18, kuma ba ya daɗewa a haka batir zai ƙare, sai ya taso ya sake caji. Saboda haka jiragen wancan zamani sun fi yin rayuwarsu a saman ruwa. Nutsewa dabarar ɓuya ce da ta kai hari, ba hanyar tafiya ba.

Babban makaminsa shi ne topido, wato dogon bam mai injin kansa wanda ke gudu cikin ruwa har ya daki cikin jirgi. Bututun harbawa huɗu ne, biyu gaba biyu baya, amma topidon da yake iya ɗauka shida ne kacal. Yana kuma da igwa ɗaya a bisa doronsa. Wannan ƙarancin topido shi ne ke bayyana yadda kwamandoji suka riƙa aiki a farkon yaƙin. Maimakon su ɓarnatar da makami mai tsada a kan kowane jirgin kaya, sai su taso saman ruwa, su tsayar da shi, su ba mutanensa lokaci su sauka cikin kwale-kwalen ceto, sannan su nutsar da shi da igwa ko da nakiya. Haka ma tsohuwar dokar yaƙin teku ta tanada: a tsayar, a bincika, a tabbatar da tsirar mutane kafin a nutsar. Sai dai an tsara dokar ne domin manyan jiragen yaƙi masu wurin ajiye fursunoni. Jirgin da da ƙyar ya ɗauki mutanensa, wanda kuma harsashi ɗaya ko karo ɗaya zai iya hallaka shi, bin wannan doka a gare shi kasada ce.

Su huɗu aka ƙera a siga ɗaya, U-27 zuwa U-30, kuma kowanne ya bar labari. U-27 shi ne jirgin ƙarƙashin teku na farko da ya nutsar da ɗan'uwansa na abokan gaba, a Oktoban 1914; daga baya, a Agustan 1915, jirgin Ingila mai suna Baralong, wanda ya yi shigar jirgin kaya, ya yaudare shi ya hallaka shi. U-29 kuwa babban jirgin yaƙin Ingila Dreadnought ne ya bi ta kansa a Maris na 1915. U-30 kaɗai ya ga ƙarshen yaƙin.

Fitar watan Maris na 1915

Kwamandan U-28 na farko shi ne Georg-Günther von Forstner, ɗan gidan sarauta, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin hannu a wannan sabon fanni. Ranar 4 ga Fabrairun 1915 Jamus ta yi shelar cewa daga 18 ga watan duk ruwan da ya kewaye Birtaniya da Ailan fagen yaƙi ne, a matsayin martani ga ƙawanyar da sojan ruwan Ingila suka yi wa tashoshinta. A ƙarƙashin wannan shela Forstner ya fita a tsakiyar Maris.

Ya kama jiragen Holan biyu, Batavier V da Zaanstroom, ya tasa ƙeyarsu zuwa Zeebrugge, tashar Beljiyam da ke hannun Jamus. Ranar 25 ga wata ya tsayar da wani jirgin Holan ɗin, Medea, ya duba takardunsa, ya ga lemo ne yake kaiwa Landan, ya sauke mutanensa ya nutsar da shi. Holan ba ta cikin yaƙin, don haka abin ya jawo ƙorafi mai zafi. Daga nan ya zagaya yamma, zuwa mashigar da jiragen Liverpool ke bi su fita babban teku. Ranar 27 ya nutsar da Vosges da Aguila, duka biyu bayan sun yi ƙoƙarin gudu ya bi su da igwa, an kuma yi asarar rayuka.

Falaba

Domin a fahimci nauyin abin da ya biyo baya, sai an san matsayin Elder Dempster a lokacin. Kafin yaƙi wannan kamfani da kamfanin Woermann na Hamburg su ne ke riƙe da sufurin teku tsakanin Turai da Afirka ta Yamma. Da yaƙi ya tashi jiragen Jamus suka ɓace daga hanya, kusan komai ya koma wuyan Elder Dempster. Nijeriya ba ta fi shekara ɗaya da 'yan watanni da haɗewa ba a ƙarƙashin Lugard, kuma duk abin da gwamnatin mulkin mallaka ke numfashi da shi ta wannan hanya yake zuwa: jami'ai, wasiƙu, kuɗin ƙarfe, magani, albarushi. Takardar da aka rubuta a Landan domin jami'in mulki a Keffi sai ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan jirage, ta sauka a gaɓa, ta hau jirgin kogi zuwa Lakwaja, ta bi Binuwai zuwa Loko, sannan ta kama hanyar ƙasa ta Nasarawa. A komawa kuma jiragen na kwashe manja da ƙwarar manja, da kuzar Jos, da gyaɗar Kano wadda cinikinta ya fara bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Ga shi kuma ana tsakiyar yaƙin Kamaru, inda dakarun Rundunar Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, ke fafatawa da Jamusawa. Garwa ba ta faɗi ba sai a Yunin 1915, Mora kuwa sai Fabrairun 1916.

Falaba, wanda ya ci sunan wani tsohon gari a arewacin Saliyo, an ƙera shi a Glasgow a 1906, girmansa tan 4,806. Ya bar Liverpool da yammacin Asabar 27 ga Maris da mutum 242, fasinja da ma'aikata. Yawancin fasinjojin jami'an gwamnati ne da sojoji da 'yan kasuwa masu komawa bakin aiki a Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Nijeriya da fagen Kamaru. Cikin kayansa akwai tan 13 na harsashi da albarushi na gwamnati.

Wajen tsakar ranar Lahadi 28 ga wata, a mashigar da ke tsakanin Wales da Ailan, U-28 ya bayyana a bayansa. Kyaftin Frederick Davis ya fara da gudu, mai wayar iska kuma ya aika kiran neman agaji. Amma Falaba bai kai U-28 gudu ba, don haka ya tsaya, aka umurci mutane su sauka. Ana cikin sauke kwale-kwale, wasu sun kife wasu sun fashe, mutane da yawa na kan jirgi, Forstner ya harba topido ɗaya. Cikin 'yan mintoci Falaba ya nutse. Mutum 104 suka rasu, har da Kyaftin Davis, da yawansu sanyin ruwa ne ya kashe su. Wani ƙaramin jirgin kamun kifi mai suna Eileen Emma, wanda ke kusa, shi ya tsamo mafi yawan waɗanda suka tsira, aka kai su Milford Haven.

Gardamar da ta biyo baya a kan mintoci ce. Kwamitin bincike na Ingila, ƙarƙashin Lord Mersey, wanda shi ne ya binciki nutsewar Titanic a 1912, ya yanke cewa minti biyar kawai aka ba mutanen, ya ɗora laifin duka a kan kwamandan Jamus. Jamus ta ce an ba su minti goma, aka ƙara har ya kai 23, kuma ba a harba ba sai da aka ga jirgin na ta kiran agaji, wasu jirage kuma na matsowa. Ta kuma kafa hujja da albarushin da ke ciki. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa ma'aikatan U-28 sun tsaya suna yi wa masu nutsewa dariya, Jamus ta musanta. Wasu daga cikin fasinjojin da suka tsira sun yi ƙorafi a kan lalacewar kwale-kwalen kamfanin, amma kwamitin ya wanke kamfanin. Kowane ɓangare yana da abin da yake son ɓoyewa, kuma a lokacin yaƙi aka yi binciken. Abu ɗaya dai ba a yi jayayya a kansa ba: Forstner yana saman ruwa, da rana tsaka, kusa da jirgin, yana ganin mutanen da ba su sauka ba lokacin da ya ba da umurnin harbi. Ko biyar ne ko 23, lokacin bai isa ba, kuma ya san haka.

Cikin mamatan akwai Leon Thrasher, injiniyan haƙar ma'adinai ɗan jihar Massachusetts, mai komawa aiki a Gwalkwas. Shi ne Ba'amurke na farko da yaƙin ƙarƙashin teku ya ci. Mutuwarsa ta raba kan gwamnatin Shugaba Woodrow Wilson: Sakataren Harkokin Waje William Jennings Bryan na ganin wanda ya shiga jirgin ƙasar da ke yaƙi ya ɗauki kasadar kansa, mai ba da shawara Robert Lansing kuwa na ganin dole a tuhumi Jamus. Ba a gama wannan ba sai U-20 ya nutsar da Lusitania ranar 7 ga Mayu, mutum kusan 1,200 suka mutu, 128 daga ciki Amurkawa. A takardar ƙorafin da Amurka ta aika wa Jamus ranar 13 ga Mayu, Falaba ne farkon abin da aka lissafa. Bryan ya yi murabus a watan Yuni, Lansing ya gaje shi.

An rubuta shafuka masu yawa a kan Thrasher. Ba a yi haka ba ga ma'aikata baƙar fata, alhali jiragen Elder Dempster sun dogara ƙwarai da 'yan Afirka ta Yamma, musamman Kuru na Laberiya da Saliyo, waɗanda ke aikin zuba gawayi a ɗakin injin, can ƙasan jirgi, wurin da ya fi kowane wuyar fita idan topido ya daka.

Forstner bai tsaya ba. Kwana biyu na gaba ya nutsar da Flaminian da Crown of Castile kafin ya koma gida.

Labarin dodon ruwa

Ranar 30 ga Yulin 1915 U-28 ya nutsar da jirgin kaya na Ingila mai suna Iberian a kudu da Ailan. Shekara 18 bayan haka, a 1933, lokacin da jaridun Turai ke cike da labarin dodon tafkin Loch Ness, Forstner ya rubuta a wata jaridar Jamus cewa bayan jirgin ya nutse an ji fashewa a ƙarƙashin ruwa, sai ga wata dabba mai kama da kada, tsawonta kusan mita 20, ta yi sama tare da tarkace. Har yau ana maimaita wannan labari a littattafan abubuwan al'ajabi, kuma mutane da yawa ta nan suka san sunan U-28. Masana tarihi ba su karɓe shi ba.

Ƙarshensa

Forstner ya bar jirgin a tsakiyar 1916. Kwamandoji biyu suka riƙe shi na 'yan watanni, sannan Georg Schmidt ya karɓa a Janairun 1917. Ranar 1 ga Fabrairu Jamus ta koma nutsar da jirage ba tare da gargaɗi ba, Amurka kuma ta shiga yaƙi ranar 6 ga Afrilu. A wannan shekara hanyar Afirka ta Yamma ta sha wuya fiye da 1915: U-43 ya nutsar da Abosso a watan Afrilu, U-96 kuma ya nutsar da Apapa, wanda ya taso daga Legas, ranar 28 ga Nuwamba, da dare, ba gargaɗi, saura kaɗan ya isa Liverpool, mutum 77 suka rasu.

U-28 bai kai wannan rana ba. An tura shi can arewa, tekun ƙanƙara, domin tare jiragen da ke kai wa Rasha makamai. Ranar 2 ga Satumban 1917, a arewa da ƙarshen ƙasar Norway, ya daki jirgin Ingila mai suna Olive Branch da topido. Mutanen jirgin suka sauka cikin kwale-kwale. Schmidt ya taso saman ruwa, ya matsa kusa domin ya ƙarasa shi da igwa ya adana topido, kamar yadda aka saba. Olive Branch maƙare yake da albarushi. Harsashi ya shiga cikin kayan, jirgin ya tarwatse, fashewar ta haɗa da U-28. Wata ruwaya ta ce babbar mota ce daga cikin kayan ta yi sama ta faɗo a kansa. Wata kuma ta ce wasu daga cikin mutanensa sun taso suna iyo, amma kwale-kwalen Olive Branch ba su ɗauke su ba. Duka mutum 39 da ke cikinsa sun mutu.

Forstner ya rayu har 1940. Littafin da ya rubuta a kan aikinsa tun ana yaƙi an fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Amurka a 1917. Sunayen ma'aikatan Falaba da ba a ga gawarsu ba suna rubuce a dandalin tunawa da matuƙan jiragen kasuwanci da ke Tower Hill a Landan, a ƙarƙashin sunan jirgin.