Katin Sallah mai launi uku

Ina ɗan shekara goma sha biyar aka kai ni koyon aiki a unguwar Treichville, a shagon wani Bamaraɗe mai zana allunan aski. Azumi na kai tsakiya sai a jingine alluna, a koma buga katin barka da Sallah. 'Yan tireda, mahauta, masu gadi, duk wanda ya baro iyali a Maraɗi ko Tawa yana son abin da zai miƙa wa direba a tashar Adjamé ya kai gida.

Da siliki muke bugawa. A ɗame shi a firam na katako, a toshe inda ba a son tawada ta bi, a ja da roba. Kowane launi da firam ɗinsa, da jiran bushewarsa, da kuɗinsa, shi ya sa ba mu wuce uku: jan rago, jinjirin wata ruwan ɗorawa, baƙin layi ya kewaye su. In hannu ya goce launi ya tsallake layi, sai maigida ya ce, "Bar shi, yaro, haka ya fi rai."

Sai da na girma na tsinci wani littafin zane a wajen masu kasa tsofaffin littattafai a Adjamé. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Ga hoton Marilyn Monroe wanda mai zane Andy Warhol ya buga a 1962, da irin silikinmu, har da gocewar. Ashe shi ma kafin ya shahara ya yi wa kantin Tiffany katunan Kirsimeti. Zanen LOVE na Robert Indiana kuwa, katin Kirsimetin gidan zane na MoMA a 1965 ne ya yaɗa shi: ja, shuɗi, kore. Uku cif.

Maigidana har ya rasu bai ji sunansu ba, don haka ban yarda a ce kwaikwayo muka yi ba. Abu ɗaya na ara, ɗige-ɗigen mai zane Roy Lichtenstein, na yi wa ragona inuwa ba tare da firam na huɗu ba. Na sha ratsa mararrabar Indénié da damina, ruwa har gwiwa, irin katunan nan a leda bisa kaina.

Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, takarda da tawada suka yi tashin gwauron zabi. Kwamfuta ta biyo baya, sannan WhatsApp ya ɗauke gaisuwar Sallah. Katin aure ya rage mana, kuma har yau in amarya ta ce tana son mai ɗaukar ido, firam uku nake saukowa da su.