Yoga a darasin motsa jiki na koleji: mene ne, yaya ake ba da maki?

Jama'a masu sauraro, musamman ƴan uwanmu mazauna ƙetare, in yaro ya dawo daga koleji ya ce yau sun yi yoga, me ke nan?

Yoga tsohuwar hanya ce ta horar da jiki da numfashi. Asalinta Indiya, kuma tana da tushe cikin addinin Hindu. Tun 2015 ake bikin ranarta ta duniya kowace 21 ga Yuni. A Indiya tana cikin tsarin karatun motsa jiki na makarantu.

A aji, yara kan fara da ɗumama jiki, su tsaya da ƙafa ɗaya kamar itace, su miƙe baya, su ja numfashi sannu, sannan su kwanta su huta. Wajen maki, ba wanda ya fi lanƙwasuwa ake nema ba. Malam yana duba daidaiton tsayuwa, riƙon numfashi, kiyaye kai daga rauni, da ci gaban yaro tun farkon zango.

Maganar addini fa? Iyaye sun daɗe suna gardama a kanta. Jihar Alabama ta Amurka ta haramta yoga a makarantun gwamnati a 1993, ta ɗage haramcin a 2021 da sharaɗin ba rera kalmomin ibada, ba gaisuwar namaste.

Shawararmu: ku je ku ga malamin, ku tambayi abin da ake yi a darasin. In yaro yana da asma ko ciwon baya, ku sanar tun da wuri.