Kan Yumɓu A Gonar Doya: Abin Da Ke Gidan Tarihi Na Jos Ya Shafe Mu



Turawa kan kashe kuɗi su tafi tsibirin Kirit na ƙasar Girka don kallon fasassun tukwane a gidan tarihi. Mu namu yana Jos, kuma da yawa daga cikinmu a nan Limawa sun sha zuwa garin fatauci ko biki ba su taɓa leƙa shi ba.

An buɗe gidan a 1952. Shahararrun kayansa su ne kawunan gasasshen yumɓu da ake kira na Nok, sunan wani ƙauye a kudancin Kaduna inda masu haƙar kuza suka tono na farko a 1928. A farkon shekarun 1940 aka sake samun wani kai kusa da Jema'a. Wanda ya ɗauke shi bai ga amfaninsa ba sai ya kafa shi a gonar doya, mutum-mutumi don korar masu ɓarna. Daga baya kan ya isa hannun wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya lura yana kama da na Nok. Shi ne ya kafa gidan tarihin.

In ka tsaya gabansu, idanun za su fara kama ka: masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar, haka ma hanci. Ga kitso iri-iri da duwatsun wuya. Masana daga jami'ar Frankfurt da suka fara tono a 2005 sun ce mutanen sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

To ina ruwanmu? An samu irin waɗannan kaya a Kagara, cikin jihar Neja. A Taruga kuwa, kusa da Abuja, Fagg ya tono wuraren narka tama da suka haura shekara 2000. Wato maƙera sun daɗe a wannan ƙasa.

Matsalar ita ce kai ɗaya a hannun dillali ba ya faɗin komai. Gawayin da ke kusa da shi ake aunawa a san shekarunsa, kasken tukunya da ƙwayar gero su nuna abin da mutanen suke ci. Mai tonon sata kan watsar da duk wannan. An kwashi da yawa haka, har wasu suka ɓulla a gidan tarihin Louvre na Faransa a 2000, sai da aka yi yarjejeniya cewa mallakar Najeriya ne, aro aka ba su.

Yaranmu da yawa suna ramukan zinare yanzu. Wani zai ce gunki ne ya farfasa, wani ya sayar a kuɗin shayi. A ganina duka asara ne, domin ba bauta ake ajiye su a yi ba, shaida ce. Doka ma ta hana fitar da su waje ba izini. Wanda ya ci karo da irinsu ya bar su inda suke, ya sanar da mai unguwa ko hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.